Modan da Kunnen Wule

Magariya, Litinin 9 ga Nuwamba 1953

Zuwa ga Yaya Muttaƙa, malamin gona, Babura, ƙasar Ingilishi.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, da Kawu, da Yagana da yara duka. Ni ne ƙanenka Dikko ɗan Hamsatu, na rugar Dungas. Ka yi haƙuri da rubutun, shekara biyu kaɗai na yi a lakwal, makarantar boko, kafin rasuwar Baba, kuma kiriyon, wato fensirin, ma na aro ne.

Bayan haka, yau sati uku ke nan da zuwana Magariya. Ina tare da mutanen lokotoron dabbobi, masu yi wa shanu allurar cutar bushiya. Ni ne mai kama ƙaho, wani lokaci a ba ni ƙarfen da ake huda kunne. Babbanmu sunansa Mushe Bawa. Ba ya kiran sunana, kai Bafillace yake cewa. Garin nan ban gane masa ba tukuna. Ka gai da mutum sai ya amsa yana tafiya. Yau ni ne nake sayen nono, kuma rabinsa ruwa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, ran kasuwa da ka zo, a rumfar tela, ka dube ni tun daga takalmi har hula, ka ce wa abokanka, "Wannan ɗan gwaggona ne, amma ba modan ba ne." Suka yi dariya. Ni ma na yi don kada a ce ban gane ba. Amma ban gane ba. Na tambayi Mushe Bawa, ya ce Turancin Ingilishi ne, Faransawa ma suna da irinta, sai dai ba a yi ta don mai riƙe wutsiyar saniya ba.

To Yaya, don Allah ka gaya mini. Zagi ne? In zagi ne na yafe, tunda akwai wasa tsakaninmu. In kuwa abu ne da ake zama, yaya ake yi a zama? Saye ake yi, ko karatu ne, ko da shi ake haihuwar mutum? Musulmi yana zama?

Baƙo direban kamyo, motar kaya, zai kawo maka wannan, shi za ka ba amsa.

Ka huta lafiya. Naka mai biyayya,
Dikko


Babura, 14/11/53

Dikko,

Salamu alaikum. Mun amsa gaisuwa. Takardarka ta iso, sai da muka taru mu uku kafin mu iya karanta ta. In wannan ake koyarwa a lakwal ɗinku ta Faransa, gara da ka fita.

Buɗe kunne, sau ɗaya zan faɗa. Modan kalmar Ingilishi ce, ana manna ta ga abu don a nuna na yanzu ne, ba na kakanni ba. Za ka ce ai muna da "na zamani". Ba ɗaya ba ne. Tsohuwa ma tana cewa yaran zamani tana taɓe baki. Modan ba a faɗinta da taɓe baki. Keke modan ne, jaki a'a. Garmar shanu modan ce, hauya a'a. Rufin kwano, agogon hannu, allura. Layar da kuke ɗaura wa saniya a ƙaho ba modan ba ce, ko da keken ɗinki aka ɗinke ta.

Mutum ma yana zama. Ba a kasuwa ake saye ba, kada ka je rumfa kana tambaya ka ba ni kunya. Modan shi ne wanda in ya ga abu mai amfani sai ya yi shi nan take, ba sai ya je ya tuɓe takalmi ya tsuguna gaban tsoho yana jira a gama tari ba. Musulmi yana zama mana. Ni kafiri ne?

Kai kam da sauranka. Kana kama shanun mutane ana yi musu allura, na gidanku suna ina? Na san Gwaggo da Baffanka Gidaɗo, da sun ji ƙarar mota za su kora su daji. Mai kama ƙaho wanda gidansu ke gudun allura, me kake so in kira shi gaban abokaina?

A gai da mutanen daji.
Muttaƙa


Magariya, Alhamis 26 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Muttaƙa.

Assalamu alaikum, bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida. Na ga amsa, na gode, ko da yake ta yi zafi. Na karanta ta sau shida. Na rubuta kalmar a bayan kayena, littafin rubutuna, ina gwada ta a kan abubuwa in na fita. Fitilar bariki modan ce. Gadar bakin gari ma ina jin haka. Masallaci ban sani ba, na bar shi.

Maganar gidanmu kuwa, kamar kun haɗa baki da Mushe Bawa. Sati mai zuwa za mu Dungas, don an ce bushiya ta ɓulla wajen iyaka. Mutanenmu suna cewa allurar dabara ce ta ƙidaya dabbobi, shi ya sa suke ɓoyewa. Jiya a biro, wato ofishinmu, Mushe Bawa ya ce mini, in shanun gidanmu ba su ne na farko a layi ba, to kada in hau kamyo in dawo, in zauna can in ci gaba da kiwo.

Zan kai su. Amma ga inda na tsaya, kuma ba ni da wanda zan tambaya sai kai.

Shanun Inna shida ne. Uku na Baba ne. Sai Wule da ƴaƴanta biyu. Kai an haife ka a gari, ƙila ka manta, bari in tuna maka. Wule ba tamu ba ce, habbanaye ce. Baffa Sambo, aminin Baba tun suna yara, shi ya jawo ta da hannunsa ran bakwai ɗin rasuwa ya ɗaure ta a turken Inna. Sha'anin habbanaye shi ne, mu sha nono, ƴaƴa uku da za ta haifa namu ne, bayan nan a mayar da ita ga mai ita, a yi godiya, a yanka rago. Ba a dukanta, ba a sayar da ita, ba a sa mata wuƙa. Inna takan ba ta ruwa kafin ta ba namu. Ta haifi biyu, yanzu tana da cikin na uku, kuma Inna tun bara take kiwon ragon ranar mayarwa. Ta ce ranar nan ce za ta nuna ba a yi kuskure ba da aka yarda da gidan Baba bayan ba shi.

To doka a wurinmu, duk wadda aka yi wa allura sai an cire mata ɗan nama a kunnen hagu, don a san an yi. Ba allura sai da hudar. A kunnen hagun nan kuwa shaidar Baffa Sambo take, tsaga biyu. Ni a ganina hudar gwamnati ba wuƙa ba ce, magani ce. In na bar ta kuma bushiya ta kashe ta a hannunmu, ai ya fi muni. Amma zuciyata tana ce mini in tambayi mai ita. Yana can wajen Yekuwa da garkensa, tafiya da dawowa kwana uku, mu kuwa yini ɗaya za mu yi a Dungas.

Yaya, a irin wannan, modan me yake yi?

Ka gai da Kawu. Ka huta lafiya.
Dikko


Babura, 30/11/53

Dikko,

Salama. Takarda cike gaba da baya a kan kunnen saniya. Ka tafi Yekuwa mana. Ka tambayi Sambo, in ya gama tari ka tambayi matarsa, in ka dawo ka tsuguna ka tambayi ita saniyar ko tana da ra'ayi. Kafin nan ta mutu, sai ku mayar masa da fatar, kunne lafiya lau, ku yanka ragonku.

Na riga na gaya maka ma'anar kalma. Wanda ya tsaya tambaya bai kai ba. Ka yi abin da ke gabanka, ka daina cinye mini takarda.

Muttaƙa


Bismillahi. Daga ruga, gabas da Dungas, uku ga watan Rabi'u Sani.

Wannan takarda daga Gidaɗo ce zuwa ga Dikko, ɗan ƙanena marigayi. Limamin gari ne ya rubuta, ni na faɗa. Sallama irin ta addinin Musulunci, ita kaɗai.

Bayan haka, ina so ka san abin da ka bari a bayanka, tunda ka hau mota ba ka waiwaya ba.

Ka zo da hantsi ina kasuwa. Ka kwance shanun uwarka ba ka jira ni ba. Ta biyo ka har bakin shinge tana cewa ka bar Wule, ka ce mata wata kalma da ba Hausa ba, ba Fillanci ba, ba Larabci ba. Ta maimaita mini ita, liman ya ce yaya zai rubuta, na ce ya bar ta, ba ta shiga takardata.

Ban ce kada a yi allura ba. Ba wanda ya tambaye ni. Abin da nake faɗa shi ne kunne. Shaidar Sambo tsaga biyu ce da ɗan nama a tsakani. Ƙarfenka naman tsakanin ya cire. Yanzu abin da ke kunnenta gibi ɗaya ne mai faɗi. Kai ka fi kowa sanin shaidar wa ke nan. Ta ubanka ce. Ko makaho ya shafa zai ce saniyar gidanmu ce.

Kwana biyu bayan tafiyarka aka kai shanun rijiya. Mutum takwas suka gani. Kafin la'asar magana ta kama hanyar Yekuwa, kuma ba cewa ake yi an yi wa habbanaye allura ba. Cewa ake yi matar marigayi ta ga lokacin mayarwa ya kusa, ta kira ɗanta ma'aikacin Nasara ya sake wa saniya shaida. Uwarka ba ta ƙara zuwa rijiya ba, ƴata ce ke ɗebo mata ruwa.

Sambo ya aiko zai zo ran Jumma'a ta sama. Ka zo ka tsaya gabansa. In Nasaranka ya hana ka, ka zaɓa tsakaninsa da mu. Kada ka shigo mini da wandon kaki.

Haza wassalam.


Magariya, Lahadi 20 ga Disamba

Zuwa ga Yaya Muttaƙa.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ni dai ba lafiya ba. Na sa maka takardar Baffa Gidaɗo cikin wannan, ka fara karanta ta don ka san abin da ya faru. Wallahi ban yi niyya ba. Na saita ƙarfen ƙasa da shaidar, sai ta fizge kai.

Na je ran Jumma'a. Baffa Sambo ya iso da safe a ƙasa, shi da dattijai biyu. Ya gai da kowa, har ni. Sannan ya wuce turke. Wule ta gane shi, ta miƙa masa wuya. Ya riƙe kunnen ya daɗe yana kallo, yana yi mata magana a hankali, ba mu ji ba. Aka shimfiɗa tabarma ya zauna, ya tambaya wa ya riƙe ƙarfen. Na ce ni ne.

Na yi bayani yadda na iya. Na ce bushiya, na ce doka, na ce ta fizge kai. Ya saurara har na gama. Sai ya ce shi ba shi da faɗa da allura, garkensa duka an yi musu bara a Yekuwa, da kansa ya kai su. Ya roƙi masu aikin su huda kunnen dama don kada su taɓa shaida, suka yarda. Yaya, ni ban san ana yarda ba. Ba wanda ya gaya mini, ni kuma ban tambaya ba.

Daga nan ya ce, "Ɗan aminina, me ya hana ka aiko mini?"

Da ma ban amsa ba. Amma na ga kowa yana kallona, kuma amsar da nake da ita ke nan. Na ce, "Baffa, modan ne. Ba a jira." Ya ce mene ne wannan. Na ce kalmar Ingilishi ce, abin yanzu. Ya ce to ya ji, yaya mutum yake in ya zama haka? Sai na faɗa masa yadda ka rubuto, don shi na haddace. Na ce shi ne wanda ba sai ya tuɓe takalmi ya tsuguna gaban tsoho ba. Maganar tari kaɗai na bari. A lokacin a tsugune nake, takalmina yana bakin shinge.

Baffa Gidaɗo ya ce a ɗauki Wule da ƴaƴanta biyu da duk wadda Baffa Sambo ya nuna a cikin namu, yau ɗin nan, a kora. Dattijan suka ce wannan ya isa gyara. Inna ta fito da ƙwaryar nono ta durƙusa nesa kaɗan.

Baffa Sambo ya miƙe. Ya ce, "Ba na ɗaukar saniyar mutane. Shaidar gidanku ce a kunnenta. Taku ce, ita da abin da ke cikinta."

Ni na ɗauka yafewa ce. Zuciyata ta yi sanyi, na ce masa na gode, Allah ya saka da alheri. Da ƙarfi na faɗa. Baffa Gidaɗo ya rufe fuskarsa da rawani. Baffa Sambo ya dube ni, ya ɗauki sandarsa, ya wuce ta gaban Inna bai dubi ƙwaryar ba. Tana nan durƙushe da ita a hannu har suka ɓace a cikin karan gero.

Sai bayan nan Baffa Gidaɗo ya gaya mini, ba da murya mai daɗi ba. Habbanayen da mai ita ya ƙi karɓa, ya ce ke nan ba shi da kowa a gidan. Ba ranar mayarwa, ba rago, ba godiya. Kuma ya tabbatar wa duniya abin da ake faɗa a rijiya. Da zan tafi na gai da Inna, ta amsa tana kallon turke.

Yaya, ka taimake ni. Kai ka san kalmar, ni aro na yi. Ka zo, ko ka rubuto takarda a karanta wa Baffa Sambo, ka ce na nemi shawara kai ka ce in yi, Inna ba ta sani ba. Ba don ni ba, don Gwaggonka.

Ina jira wurin Baƙo. Ka huta lafiya.
Dikko


Babura, 27/12/53

Dikko,

Salama. Ka kiyaye ni. Ma'anar kalma ka tambaye ni na gaya maka. Ban riƙe ƙarfe ba, ban ga saniya ba, ban san dama da hagunta ba. Wa ya ce ka je ka karanta wa tsoho takardata a fuskarsa? Akwai maganar da ake yi tsakanin masu ilimi, ba a kai ta ruga. Wannan ma yana cikin amfani da kalma, kuma ba a koya wa mutum shi.

Ni ban ga abin kuka ba. An yi wa saniya magani, an bar muku ita kyauta da ciki. A nan mutum sai ya yi walima.

Ba zan zo ba, ba zan rubuta wa Sambo ba. Ina da aiki da suna. Kuma kada wannan shirme ya kai kunnen Babana.

Muttaƙa


Magariya, 3 ga Janairu 1954

Muttaƙa,

Salama, don an ce a yi.

Na sake karanta takardunka uku. Ni karatuna kaɗan ne, amma "ka yi abin da ke gabanka" na iya karanta shi. Ƙarfen ni na riƙe, ban ce kai ne ba. Da na bi zuciyata na aika Yekuwa, da yanzu ba a nan muke ba. Wannan nawa ne, ina ɗauke da shi. Amma kai ka san Gwaggonka, ka sha nonon Wule da ka zo gaisuwa, ka ce a ƙara maka.

Kalmarka sau biyu na faɗe ta a bakina, sau ɗaya ga Inna, sau ɗaya ga Baffa Sambo. Ka ce ba a faɗinta da taɓe baki. To ka zo Dungas ka ji. Yanzu a rijiya in maraƙi ya tsinke igiya ya shiga gonar wani, cewa ake yi ya zama modan. Ni kuma har yau ban san ko na zama ba. Mushe Bawa ya ce na zama. Ya bar mini ƙarfen gaba ɗaya, ya fara kiran sunana. Ina tambayar kowane mai shanu wane kunne, layi yana tsawo, Mushe Bawa yana zagina, ina tambaya.

Ka ce kada Kawu ya ji. Inna ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ana kiranta ɓarauniya. Na ba Baƙo takardunka duka uku, na ce hannun Kawu zai sa su, ba naka ba. Ka karanta masa da kanka, kai mai ilimi, ko ya kira wani.

In ka ƙara zuwa kasuwar Magariya, kada ka nuna ni ga abokanka.

Dikko ɗan Hamsatu


Bismillahi. Daga ruga, ashirin ga watan Jimada Awwal.

Daga Gidaɗo zuwa ga Dikko. Sallama.

Ka aiko kana tambayar uwarka. Tana nan. Wule ta haihu, mace. Uwarka ba ta sha nononta ba, ba ta bar kowa ya sha ba. Sambo ya dawo da garkensa kusa da tafki. Kullum da safe takan tatsa, ta ɗauki ƙwarya ta kai bakin shingensa ta ajiye, ta dawo. Da yamma ta koma ta ɗauko ta yadda ta bar ta, ta ba maraƙi. Kwana goma sha ɗaya tana haka.

Jiya ta tarar da ƙwaryar ba kome a ciki, an wanke an kife. Ba mu sani ba ko sha aka yi ko zubarwa. Ba ta tambaya ba. Yau ma ta kai.

Na ce mata kana so ka zo. Ta ce a gaya wa na Magariya ya dakata tukuna.

Haza wassalam.